Zangon Teku: Yawon Gaɓa a Jiragen Shaƙatawa da Masaukin Baƙin Jirage a Afirka ta Yamma



Gabatarwa

Kowace shekara, cikin watan Nuwamba, ƙananan jiragen ruwa fiye da 200 sukan taru a Las Palmas, a tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, domin su ƙetare tekun Atlantika zuwa Karibiyan. Masu su ba fatake ba ne, ba kuma masunta ba. Mutane ne da suka mai da tafiya a kan ruwa abin sha'awa, wasu da iyalinsu, wasu bayan sun yi ritaya daga aiki. Hanyar tasu tana bi ta kafaɗar Afirka ta Yamma, amma kaɗan ne daga cikinsu ke ratsewa su yada zango a gaɓar nahiyar. Wannan lacca za ta duba dalilin haka, ta kuma nuna cewa abin da ke jawo baƙon jirgi zuwa wata gaɓa, bayan iska, shi ne mafaka mai aminci da ma'aikaci mai gaskiya, tun kafin a zo maganar manyan gine-gine.

Tilas ne a fara warware wata kalma. Turawa suna kiran tashar irin waɗannan jirage da sunan marina, daga kalmar Latin mai nufin abin da ya shafi teku, kuma daga nan ne shahararren titin nan na bakin ruwa a Legas ya samo sunansa. Bahaushe kuwa in ya ji marina, sai zuciyarsa ta tafi Ƙofar Mata, wurin baba da karofi. Saboda gudun wannan ruɗani, a nan za a riƙa cewa masaukin jirage.

Asalin al'adar

Mutanen Holan ne suka fara ƙera ƙananan jirage masu sauri domin farautar 'yan fashi a ruwayensu, daga baya attajiransu suka mai da su na yawon shan iska. A 1660 suka ba Sarkin Ingila Charles na Biyu kyautar irin wannan jirgi mai suna Mary, a 1661 kuma sarkin ya yi tsere da ƙanensa a kogin Thames. An kafa ƙungiyar masu jirage a Cork ta ƙasar Ailan a 1720, wata kuma a Ingila a 1815, wadda ta zauna a garin Cowes. Duk tsawon wannan zamani harkar ta sarakuna ce da masu hannu da shuni, waɗanda ke ɗaukar matuƙa haya.

Wanda ya nuna cewa mutum ɗaya ma yana iya wannan tafiya shi ne Joshua Slocum. Ya tashi daga Boston ta Amurka a watan Afrilu na 1895 cikin wani tsohon jirgi mai suna Spray, wanda tsawonsa bai wuce mita 11 da 'yan kai ba, ya kewaye duniya shi kaɗai, ya komo a watan Yuni na 1898. Sauyi na biyu ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka fara zuba gangar jirgi da roba haɗe da zaren gilashi maimakon sassaƙa katako. Jirgi ya yi araha, har malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa suka iya mallaka. Da jirage suka yi yawa sai wurin ajiye su ya zama matsala, gwamnatoci suka shigo ciki. A 1963 Faransa ta kafa hukuma ta musamman domin raya gaɓar Languedoc a Bahar Rum, aka cike fadamu masu sauro aka gina sababbin garuruwa da masaukan jirage. Ɗaya daga cikinsu, Port Camargue, yana da wurin ɗaure jirage wajen 5,000.

Jirgin da tafiyarsa

Jirgin da ake magana a kai yawanci tsawonsa tsakanin mita 10 ne da 15. Yana da dogon ginshiƙi a tsaye wanda ake ɗaura wa manyan ƙyallaye iska na turawa, da nauyin ƙarfe a gindinsa mai hana shi kifewa, wanda ke nutsewa wajen mita 2 cikin ruwa. Yana da ƙaramin injin dizal na shiga tasha da fita, da ɗakunan kwana, da madafa, da tankin ruwan sha na 'yan ɗaruruwan lita. Mutum biyu zuwa shida ke tafiyar da shi. Ana auna tafiyar teku da mil na ruwa, wanda ya yi daidai da mita 1,852, kuma irin wannan jirgi yakan ci mil 5 ko 6 a cikin sa'a ɗaya. In ya yini ya kwana yana tafiya, zai yi mil 120 zuwa 150.

Yawon gaɓa ya sha bamban da ƙetare teku. Mai yawon gaɓa yakan tashi da safe, ya yi mil 30 ko 40, ya nemi wurin kwana kafin faɗuwar rana. Tsofaffin matuƙa sun san cewa haɗari ya fi yawa kusa da tudu, domin a nan ne duwatsu suke, da tarin yashi a bakin koguna, da tarun masunta, da cikowar teku da janyewarta sau biyu a yini. Na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam, wadda aka sake wa fararen hula da cikakkiyar daidaitarta a shekarar 2000, ta rage ɓata ƙwarai. Duk da haka na'urar tana dogara ne da taswira, taswira kuwa tana dogara da awon zurfin ruwa da wata hukuma ta yi. In awon ya tsufa, yashi kuma ya ƙaura, na'urar za ta kai matuƙi daidai inda zai kafe.

Wannan tsari na tafiya daga mafaka zuwa mafaka ba baƙo ba ne ga wanda ya san tarihin fataken goro tsakanin Kano da Gwanja. Madugu ba ya tayar da ayari sai ya san inda zango na gaba yake, da ruwansa, da harawarsa, da halin sarkin wurin wajen karɓar garama. Matuƙin jirgin shaƙatawa shi ma irin tambayoyin da yake yi ke nan kafin ya ɗaga anka.

Abin da masauki ya ƙunsa

Abu na farko mafaka ce. Ko dai Allah ya yi wurin da lungu mai kare igiyar ruwa, ko kuwa a gina katangar duwatsu cikin teku, wadda ita ce mafi tsada a dukan aikin. Na biyu zurfi ne, watau aƙalla mita 3 a lokacin da teku ta janye iyakar janyewa, tare da fitilu da alamu masu nuna mashiga da dare. Cikin wannan mafaka ake shimfiɗa gadoji masu yawo a bisa ruwa, suna hawa suna sauka tare da teku, a jikinsu ake ɗaure jirage. A kowane maɗauri akwai famfon ruwa da makunnin lantarki. Akan sami gidan mai a bakin ruwa, da makewayi da wurin wanka, da wurin zuba shara da baƙin mai, da injin ɗaga jirgi zuwa tudu domin gyara. Akwai kuma ofis mai sauraren rediyo, musamman zango na 16 wanda duniya ta keɓe domin kira da neman agaji, ana kuma liƙa rahoton yanayi a ƙofarsa.

Kuɗin ɗauri, wanda ake lissafawa bisa tsawon jirgi da yawan kwana, kaɗan ne daga cikin abin da gari ke samu. Jirgin da ya yi mako guda a teku yana isowa ne da abin da ya karye ko ya yage. Yana bukatar makaniki, da mai walda, da kafinta, da maɗinkin ƙyallen iska, da mai wanki. Mutanensa za su sayi kayan miya da burodi da ƙwai na mako uku, su hau tasi, su ci abinci a gari. Babban jirgin 'yan yawon buɗe ido yakan sauke mutum dubbai da safe ya kwashe su da yamma, sun ci sun sha a cikinsa. Ƙaramin jirgi kuwa yakan yi makonni, kuɗinsa kuma yana faɗawa kai tsaye hannun mai sana'a da mai tebur a kasuwa.

Maganar takardu

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sa wa hannu a 1982 ta fara aiki a 1994, ta ba kowace ƙasa iko da ruwan da ke cikin mil 12 daga gaɓarta, ta kuma ba baƙon jirgi damar wucewa ta ciki muddin bai zo da cuta ba. Amma da zarar ya nufi tasha, ya shiga hannun dokar ƙasar. Al'ada ita ce ya ɗaga ƙaramar tutar ƙasar da ya zo domin girmamawa, da wata tuta rawaya mai nuna cewa yana neman izinin shiga. Sa'an nan matuƙi ya sauka da takardar rajistar jirgi, da ta inshora, da jerin sunayen mutanensa da fasfo ɗinsu, ya gana da jami'an shige da fice, da kwastan, da shugaban tasha, wani lokaci har da jami'in lafiya.

A nan ne ƙasashe ke rabuwa. Jirgi kaya ne mai tsada, amma ba sayarwa aka zo yi da shi ba, saboda haka akwai tsarin shigo da kaya na ɗan lokaci ba tare da biyan kuɗin fito ba, wanda yarjejeniyar Istambul ta 1990 ta tattara ƙa'idodinsa. Tarayyar Turai, alal misali, tana barin jirgin baƙo ya zauna wata 18 a kan wannan sharaɗi. Inda doka ta fito fili haka, aka rubuta kuɗin kowane abu a allo, aka ba da rasit, matuƙi yakan gama cikin sa'a ɗaya ko biyu. Inda kuwa aka ɗauki jirgin mutum huɗu aka yi masa ma'aunin jirgin dakon kaya, aka ce sai ya ɗauki wakili, ofisoshin kuma suna warwatse cikin gari, kowane tebur da abin da ake nema a bayan fage, yini biyu ba ya isa. Masu jirage jama'a ce ƙarama mai yawan zumunci. Suna da littattafan jagora, suna kuma rubuta wa juna labarin kowace tasha a intanet, har da halin ofisoshinta. Cin zarafin baƙo ɗaya a teburin wani ƙaramin jami'i yana iya kore jirage daga gaɓar ƙasa shekara da shekaru, jami'in kuwa bai ma san ya yi ɓarnar ba.

Darasin Mindelo

A 1986 wani ɗan jarida matuƙi mai suna Jimmy Cornell ya shirya gangamin ƙetare Atlantika da aka sani da ARC, domin masu ƙananan jirage su tafi a ayari. Na farko ya ƙare a Barbados, daga 1990 kuma aka mai da shi Sent Lushiya, tafiyar mil 2,700. An zaɓi ƙarshen Nuwamba ne saboda lokacin manyan guguwowin Karibiyan, wanda ke farawa a Yuni, yana ƙarewa, iskar arewa maso gabas kuma ta fara zama daram. Domin samun wannan iska sosai, tilas jirgi ya fara gangarawa kudu kafin ya juya yamma, gangarawar kuwa tana kai shi kusa da tsibiran Kabo Berde, waɗanda ke wajen kilomita 570 yamma da Senegal.

A ɗaya daga cikin tsibiran, São Vicente, akwai garin Mindelo, wanda ke bakin wani babban lungu, tsohon ramin dutse mai aman wuta da teku ta cike. Daga tsakiyar ƙarni na 19 kamfanonin Ingila suka mai da shi ma'ajiyar gawayin kwal ta jiragen da ke zuwa Kudancin Amurka da Afirka ta Kudu. Da Las Palmas da Dakar suka kyautata tashoshinsu, jirage kuma suka koma amfani da mai, sai garin ya durƙushe. Tsibirin busasshe ne, ruwan shansa daga teku ake tace shi, yawancin kayan lambunsa kuma daga tsibirin Santo Antão da ke maƙwabtaka ake kawo su a jirgin fito. Ƙasar ta sami 'yancin kai daga Fotugal a 1975 ba ta da man fetur.

Wajen 2007 aka buɗe masaukin jirage a Mindelo, mai maɗaurai ɗari da 'yan kai. In aka gwada shi da Port Camargue ƙaramin abu ne. Amma yana da ruwa, da mai, da masu gyara, ofisoshin hukuma kuma ana isa gare su da ƙafa. A 2013 masu shirya ARC suka ƙara wani reshe na gangamin wanda ke tsayawa Mindelo bayan tafiyar mil 850 daga Las Palmas, ya huta 'yan kwanaki, sa'an nan ya ƙetare. Wurin ba shi da cikakkiyar ni'ima: iska takan faɗo da ƙarfi daga duwatsu ta yi ta fizgar igiyoyin ɗauri, da hunturu kuma ƙurar Sahara, irin wadda ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi ta rufe Kano da Damagaram, takan isa har can ta ɓoye tsibiri ga matuƙi sai ya zo dab da shi. Duk da haka jirage suna zuwa, domin sun san abin da za su tarar.

Daga Dakar zuwa mashigin Gini

Nisan Dakar daga Las Palmas kusan ɗaya ne da na Mindelo. Baƙin jirage, yawanci na Faransawa, sukan jefa anka a lungun Hann, inda wata tsohuwar ƙungiyar masu jirage ke karɓar su, amma ruwan lungun ya daɗe yana fama da ƙazantar masana'antu da ta gari. Daga nan wasu kan gangara kogunan Salum da Kasamans, ko su yi tafiyar wajen mil 90 zuwa Banjul su haura kogin Gambiya. A watan Janairu na 2019 aka buɗe gadar Senegambiya a kan wannan kogi, abin alheri ga motoci da fatauci, amma jirgi mai dogon ginshiƙi ba ya iya wucewa ta ƙarƙashinta. Gaba kaɗan akwai tsibiran Bijagos na Gini Bisau, su 88, masu kyan gani da wuyar shiga saboda ƙarfin cikowar teku.

Daga nan zuwa gabas baƙin jirage sai ɗai ɗai. Wani ɓangare na dalilin daga halitta yake. Igiyar ruwan Gini tana gudu ne zuwa gabas, iska kuma yawanci daga kudu maso yamma take, saboda haka shiga mashigin yana da sauƙi, fita kuwa da wuya. Gaɓar kuma miƙaƙƙiya ce, mai yashi da tumbatsa, ba ta da lunguna sosai. Shi ya sa sai da aka gina tashoshi da hannu, kamar Takoradi a 1928 da Tema a 1962. Ɗaya ɓangaren kuwa na mutane ne. A 2020 Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya mai lura da fashin teku ta ƙirga ma'aikatan jirage 135 da aka sace a duniya, 130 daga cikinsu a mashigin Gini. Ƙasashen yankin sun ƙulla yarjejeniyar Yawunde a 2013, Nijeriya ta yi dokar yaƙi da fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin tsaron ruwa na musamman a 2021, daga wannan shekara kuma hare-haren suka ragu ƙwarai. Sai dai kamfanonin inshora da littattafan jagora suna da jinkirin mantuwa. Nijeriya tana da gaɓa mai tsawon kilomita 853, a Legas kuma akwai ƙungiyar masu jirage tun 1932, amma harkar ta tsaya ne a tsakanin mazauna gari.

Illolin da za a kiyaye

Katangar duwatsu tana tare yashin da teku ke kwasa a gefen gaɓa. A wannan yanki yashin daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Da aka gina katangun mashigar Legas daga wajen 1908, sai yashi ya taru ta yamma, teku kuma ta yi ta cin bakin ruwan Bar Beach ta gabas shekaru da dama. Haka ya faru gabas da tashoshin Lome da Kwatano. Duk wanda zai sa hannu a takardar gina masauki, wajibi ne ya tambayi garin wa ke gefen gabas. Har wa yau, lungun da ya dace da jirgin baƙo galibi shi ne wanda masunta ke jawo kwalekwalensu tun kaka da kakanni, in aka kewaye shi da waya an raba su da abincinsu. Akwai kuma baƙin mai, da fentin gindin jirgi mai guba, da anka mai tumɓuke ciyawar ƙarƙashin ruwa inda kifi ke ƙwai, abin da ya sa Faransa ta hana manyan jirage jefa anka a kan irin wannan ciyawa a gaɓarta ta Bahar Rum. Tun 1987 akwai lambar Shuɗiyar Tuta da ake ba masaukan da suka cika sharuɗɗan tsabta, ana kuma sake duba su kowace shekara. Daɗin daɗawa, ƙaramin jirgi yana iya ɗaukar miyagun ƙwayoyi, an kuwa sha kama irinsu a wannan hanya ta Atlantika. Tashar da ke da rajista mai kyau da jami'ai a wuri ɗaya ta fi saurin gane irin wannan jirgi fiye da gaɓar da kowa ke gudun ofisoshinta.

Kammalawa

Ba ƙasar da za ta iya juya iska ko ta sauya igiyar ruwa, saboda haka mashigin Gini ba zai zama babbar hanyar ƙetare Atlantika ba. Abin da ke hannun hukuma shi ne sauran, kuma yawancinsa ba ya bukatar rancen ƙasashen waje: a sabunta awon zurfin ruwa da taswira, a gyara fitilun mashiga, a ware wa ƙananan jirage doka tasu dabam da ta jiragen dakon kaya, a tara jami'an kwastan da na shige da fice da na tasha a ɗaki ɗaya, a buga kuɗin kowane abu a fili, a kuma zauna da masunta kafin a kafa ko da turke ɗaya. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ɗaliban da ke wannan zaure, waɗanda wasunsu gobe za su zauna a teburin kwastan a Apapa, ko na shige da fice a Kalaba, ko a hukumar ruwayen cikin ƙasa a Lakwaja, su ne baƙo zai fara gani, kuma abin da ya gani a wurinsu shi zai rubuta wa na bayansa.